Wai me ake nufi da "kocin riƙon ƙwarya"?

Duk sanda wani kulob ya kori kocinsa a tsakiyar kaka sai ka ji a labarin wasanni ana cewa an naɗa wane a matsayin kocin riƙon ƙwarya. Rannan a wajen mai shayi ƙanina yake tambayata, wai Yaya shi wannan na riƙon ƙwaryar koci ne ko ba koci ba ne, tunda ya ga shi ma yana tsayawa a bakin layi yana ɗaga hannu yana ihu kamar kowa. Na ce masa koci ne mana, amma na aro.

Kalmar ai tamu ce tun kafin ƙwallo. Ka ɗauka mai nono ce ta iso kasuwa da ƙwaryarta, sai wani uzuri ya taso mata, ta ce da ta kusa da ita don Allah riƙe min ina zuwa. To ita wadda aka ba wa ba za ta sauya farashi ba, ba za ta tafi da ita gida ba, nata kawai kar nonon ya zube kar ƙwaryar ta fashe har mai abu ta dawo. Shi ya sa ake cewa gwamnatin riƙon ƙwarya, irin ta Shonekan a 1993 da ko wata uku ba ta cika ba Abacha ya karɓe. Haka abun yake a ƙwallo, zai tsara wa zai buga wa zai zauna a benci, zai yi atisaye da yara, amma maganar sayen ɗan wasa mai tsada ko tsarin shekara uku gaba, wannan ba huruminsa ba ne. Kuma iri biyu ne, akwai na wasa biyu ko uku kafin a samo wani, yawanci mataimakin wanda aka kora ne, akwai kuma wanda ake ce masa riƙe mana har ƙarshen kaka.

Abun da na lura da shi, kusan kullum tsohon ɗan wasan kulob ɗin ake kira. Ba wai don ya fi kowa iyawa ba fa, a'a, don ɗan gida ne. Magoya baya suna cikin fushi, shugabanni suna neman wanda za a ji kunyar yi masa ihu, to wa ya fi wanda ya taɓa ci musu kofi?

Ole Gunnar Solskjaer shi ne misalin da ba sai an yi dogon bayani ba. Ɗan Norway ne, ya zo Man United a 1996 ya ci musu ƙwallo 126, kuma shi ne ya taso daga benci ya zura ta biyu a ragar Bayern Munich a ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 1999. Gwiwa ta sa ya ajiye takalmi a 2007, ya fara horar da ƙaramar ƙungiyar United, ya koma gida Molde ya ci musu lig a 2011 da 2012, ya je Cardiff a 2014 suka faɗi daga Firimiya. Da za a bi takarda kawai wallahi ba mai kawo shi Old Trafford. Amma da United ta kori kocinta Mourinho a Disambar 2018 shi aka kira, kuma aron gaske aka yi, don daga Molde, inda ya sake komawa, aka karɓo shi da sharaɗin in kaka ta ƙare ya koma.

Sai mutum ya fara da cin Cardiff ɗin nan 5-1, ya jera wasa takwas yana ci. Daren wasa na biyu da PSG ta Faransa a kofin zakarun Turai kuwa ba zan manta ba, a wasan farko an ci United 2-0 a gida kowa ya sallama, muna gidan kallo benci ya cika har wasu a tsaye jikin janareta, 'yan Chelsea da Arsenal sun zo musamman don dariya. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya je ya duba na'ura ya ba da fenariti, Rashford ya ajiye ƙwallo, gidan ya yi tsit har kana jin fankar sama, ya buga ta shiga, United ta ci 3-1 ta wuce. Wani dattijo kusa da ni hularsa ce ta tashi bai ma nema ba. A daren Rio Ferdinand, tsohon ɗan wasan United, yana talabijin yana cewa a ajiye wa Solskjaer kwantiragi a tebur ya rubuta kuɗin da yake so.

Kuma aka yi hakan. Ranar 28 ga Maris 2019, bayan ya ci wasa 14 cikin 19, aka ba shi shekara uku, wato an ce ƙwaryar ta zama taka. Daga ranar har ƙarshen kaka wasa goma suka buga biyu kacal suka ci, Everton ta yi musu 4-0, Cardiff ɗin da ya fara da ita ta zo har gida ta ci 2-0. Ni ba na cikin masu cewa bai yi komai ba, ya kai su na biyu a Firimiya a 2021, ya kai wasan ƙarshe na Europa Villarreal ta ɗauke a fenariti 11-10. Amma mai riƙo dariya kawai ake so ya dawo da ita ɗakin canza kaya, mai abu kuwa kofi ake tambayarsa. Watford ta yi musu 4-1 a Nuwambar 2021 aka sallame shi, Carrick ya riƙe wasa uku, Rangnick ya riƙe sauran kakar, kun ga iri biyun nan a kulob ɗaya.

Di Matteo na Chelsea nasa ma ya fi ban mamaki, yana riƙo ya ci kofin zakarun Turai a 2012, aka tabbatar da shi, watan Nuwamba aka kore shi.

Mu ma muna da namu, Augustine Eguavoen, tsohon mai tsaron baya na Super Eagles. Da aka sallami koci Gernot Rohr a Disambar 2021 shi ya kai mu kofin Afirka a Kamaru, a Garwa ya ci Masar 1-0, ya cinye wasannin rukuni uku duka har muka fara lissafin kofi, sai Tunisiya ta fitar da mu da ci ɗaya, Ghana kuma ta hana mu zuwa kofin duniya na Qatar a filin Abuja. Ya koma ofishinsa na daraktan fasaha. A 2024 da koci Finidi George ya ajiye aiki, maganar ɗauko Bajamushen nan Labbadia ta wargaje, hukumar ƙwallo ta waiwaya, shi dai aka sake cewa don Allah riƙe mana muna zuwa.