Ba wanda ya hana sallah a Antatika: abin da doka ta ce da abin da aka ƙara mata

Mako biyu ke nan wani saƙon murya yana yawo a zaurukan WhatsApp na Gusau. Na ji shi a zauren 'yan ajinmu, na ji shi a na masallacin unguwa, shekaranjiya kuma mai shayinmu na Tudun Wada ya kunna mini shi yana kallon fuskata. Mai maganar har da rantsuwa. Wai an kai wani likita ɗan Zamfara ƙasar ƙanƙara ta Antatika, Turawa suka hana shi sallah, suka ce in goshinsa ya taɓa ƙasa shekara biyu zai yi a gidan yari. Wai sojoji ne ke gadin wurin saboda akwai abin da ake ɓoyewa bayan katangar ƙanƙara, kuma wai a 2048 yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a kan Antatika za ta ƙare, manyan ƙasashe su raba zinarin da ke ƙarƙashi.

Likitan ɗan kawuna ne, kuma da kuɗinsa ya je. Ina zaune a tsakar gida ranar da ya kira mahaifiyarsa ta bidiyo daga Ingila, inda yake aiki. Cewa ya yi, "Inna, in aka sauke mu a gaɓa ba a yarda mutum ya zauna ko ya durƙusa ba, ko jaka ba a ajiyewa a ƙasa." Inna ta ce, "To ɗan nan, sallah fa?" Ya ce a cikin jirgi yake yi, a ɗakinsa, domin saukar ba ta wuce awa biyu zuwa uku. Rabin farko na maganar ne ya bi mata zuwa gidan biki, rabin ƙarshe ya kwana a tsakar gida.

Hana durƙuson ma ba ya cikin Yarjejeniyar Antatika. Ƙa'ida ce ta IAATO, ƙungiyar kamfanonin da ke kai masu yawon buɗe ido can, wadda aka kafa a 1991, kuma dalilinta murar tsuntsaye ce. An tabbatar da ɓullar cutar a tsibirin Kudancin Jojiya, da ke kudancin tekun Atlantika, a watan Oktoban 2023, a Fabrairun 2024 kuma aka same ta a kan nahiyar kanta. Wuraren da ake sauke baƙi galibi mazaunin tsuntsayen fengwin ne, ƙasa duk kashinsu. Ka sa gwiwa a nan da safe, da la'asar kana wani tsibirin da wandon nan, ka kai musu annoba. Duk wanda ya taɓa shiga gidan gonar kaji tun bayan da cutar ta ɓulla a Jaji ta jihar Kaduna a 2006 ya san kwanon maganin da ake tsoma takalmi a bakin ƙofa. To shi ne dai, sai dai wannan a bakin jirgi yake. Bature mai ɗaukar hoto da ke son ya kwanta rub-da-ciki don ya samu tsuntsu a kusa, shi ma ɗaga shi ake yi.

Ita yarjejeniyar, ƙasashe 12 ne suka sa mata hannu a Washington ranar 1 ga Disamba 1959, ta fara aiki a 1961, yanzu kuma mambobinta sun haura 50. Ta shafi duk abin da ke kudu da layin digiri 60, masu bincike ne, ma'aikatan jirgi ne ko 'yan yawon buɗe ido.

Zancen sojoji kuwa, sashe na ɗaya na yarjejeniyar shi ya hana kafa sansanin soja da atisaye da gwajin makamai. Soja kan je, amma don jigila da taimakon masu bincike. Sashe na biyar ya hana fasa nukiliya da zubar da shararta. Sashe na bakwai ya ba ƙasashen da ke da ƙuri'a a taron yarjejeniyar damar tura masu sa ido su shiga kowace tasha ta kowace ƙasa a kowane lokaci su duba. Wurin da aka ce an kulle, a kakar 2022 zuwa 2023 kaɗai sama da mutum 100,000 suka je kallonsa. Yawancinsu daga Ushuwaya ta Ajantina suke tashi tsakanin Nuwamba da Maris, su yi kwana biyu suna ƙetare mashigin Drake. Akwai dai wurare sama da 70 da aka keɓe, ba a shiga sai da takardar izini ta musamman, amma sunayensu da taswirarsu da dalilin keɓe su duk a bayyane suke. Abin da ke hana mutumin Gusau zuwa shi ne bizar Ajantina da dubban dalolin kuɗin jirgi.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar fahimta. Jirgin da ya ɗauko fasinja sama da 500 ba ya sauke kowa, daga kan ruwa za su yi kallo su juya. Ba a tara mutum fiye da 100 a gaɓa lokaci guda, kowane mutum 20 da jagoransu, kuma tsakaninka da dabba a samu aƙalla mita biyar. Ba a ɗauko dutse ko gashin tsuntsu ko ƙashi don tsaraba. Ba a sauka da abinci, don haka mai guzurin kilishi sai ya ci abinsa a jirgi. Ɗan kawun nawa ya ce abin da ya fi ba shi dariya shi ne ranar da aka tara su, manyan mutane masu furfura, kowa ya zazzage aljihunsa ana zuƙe ƙurar da inji, ana bin maɗaurin riga da ɗan tsinke ana ciro irin ciyawa ɗaya-ɗaya. Wanda ya taɓa ratsa gona bayan kaka ya dawo yana cire ƙarangiya a ƙafar wando ya san yadda iri ke bin mutum ba da saninsa ba. An riga an ga wata ciyawar Turai ta kama a tsibirin Sarki George, kusa da tashar binciken Poland. Karnukan jan kaya ma, waɗanda da su aka fara kaiwa tsakiyar nahiyar, an kwashe su gaba ɗaya a 1994.

Saura shekara biyun gidan yari. Wannan adadin yana da asali, shi ya sa ƙaryar ta samu gindin zama.

Antatika ba ta da gwamnati, ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu, shi ya sa ba ta da biza. Ƙasashe bakwai sun yi iƙirarin mallakar wasu yankunanta, sashe na huɗu ya jingine maganar, bai gaskata kowa ba, bai ƙaryata kowa ba. Abin da aka yi shi ne kowace ƙasa ta koma gida ta yi dokarta a kan 'yan ƙasarta da jiragenta da tafiye-tafiyen da aka shirya daga cikinta. Birtaniya ta yi tata a 1994, kuma a nan shekara biyun take: wanda ya shirya tafiya daga Birtaniya ba da izini ba, ko ya kashe dabba, ko ya kutsa wurin da aka keɓe, yana iya fuskantar ɗauri har na shekara biyu, ko tara, ko duka. Shekara biyun ita ce iyaka, kuma sai kotu ta zauna a Birtaniya. A 2013 aka faɗaɗa dokar ta kama wanda ba ɗan ƙasar ba in yana cikin tawagar da aka shirya daga can. Ta Amurka tun 1978 take, da ɗauri har na shekara ɗaya ga wanda ya karya ta da gangan. Sa gwiwa a ƙasa ba ya cikin jerin laifuffukan ko ɗaya daga cikinsu. Mai durƙuso jagora ne zai ce masa ya tashi. In ya yi taurin kai a mayar da shi jirgi, gobe a sauka a bar shi yana leƙe ta taga.

Wani ɗan boko a zaurenmu ya juya maganar ta wata fuska, wai tunda Najeriya ba ta sa hannu ba, mai koren fasfo zai yi abin da ya ga dama. Gaskiya ne ba mu cikin yarjejeniyar. Amma ba da kwalekwalen kanka za ka je ba. Jirgin da ka hau yana tafe ne da izinin wata ƙasa, kamfanin kuma ba zai yarda ya rasa izininsa a kan fasinja ɗaya ba. Waɗanda suka taɓa shiga hannu ma ba irin waɗannan fasinjoji ba ne. A 2011 wani ɗan Norway ya tafi da ƙaramin jirgin ruwa ba tare da izini ba, jirgin ya ɓace a Tekun Ross da mutum uku, hukumomin ƙasarsa suka ci shi tara. A 2025 wani matashin matuƙin jirgin sama ɗan Amurka ya tashi daga kudancin Chile ya sauka a tsibirin Sarki George, hukumomin Chile suka riƙe shi bisa zargin ya ba su bayanin tafiya na ƙarya.

Maganar 2048 ita ta fi rikita mutane, har da wasu jaridu. Ba yarjejeniyar 1959 ake nufi ba, ita ba ta da ranar ƙarewa. Ƙarin yarjejeniya ce ta kare muhalli da aka ƙulla a Madrid a 1991, ta fara aiki a 1998, wadda sashenta na bakwai ya haramta duk wata harkar ma'adinai in ba ta binciken kimiyya ba. Ita ma ba ta da ranar ƙarewa. Abin da sashe na 25 ya ce shi ne bayan shekara 50 da fara aikinta, wato daga 2048, kowace ƙasa mai ƙuri'a tana iya neman a kira taron sake dubawa. In ba wadda ta nema, ba abin da zai motsa. In an kira taron aka yi gyara, ba zai fara aiki ba sai kashi uku cikin huɗu na masu ƙuri'a sun tabbatar da shi, ciki har da dukkan ƙasashe 26 da ke da ƙuri'a a 1991. Haramcin haƙar ma'adinan kuma ba ya ɗaguwa sai an riga an kafa wata doka mai ɗaure kowa da za ta tsara yadda za a yi. Akwai dai wata kafa da mai saƙon murya bai ma san da ita ba, wadda ita ce abin tsoron: in an amince da gyara a taron amma shekara uku ta wuce bai fara aiki ba, ƙasa na iya ba da sanarwar ficewa, bayan shekara biyu ta kama gabanta.

Ni dai ban ga laifin haramcin ba, kuma ɗan Zamfara ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Mun ga 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinarin da ake daka wa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Mun ga gwamnatin tarayya ta hana haƙa a 2019, ta janye hanin a ƙarshen 2024, kuma kowa ya san abin da ya gudana a daji a tsakanin. Da a ce wani ya rufe mana ƙofar nan tun kafin a fara tono, da ban yi fushi da shi ba.

Inda raina bai kwanta ba shi ne wajen waɗanda ke da bakin magana. Ƙasashe 29 ne ke da ƙuri'a, kuma hanyar samunta ita ce ka nuna kana gudanar da babban binciken kimiyya a can, kamar kafa tasha ko tura tawaga, wato sai mai kuɗi. A duk Afirka, Afirka ta Kudu ce kawai ke ciki. Alhali in ƙanƙarar nan ta narke, ruwan ba zai tambayi Legas ko ta sa hannu ba. Sannan abin da mamaki a ce mutum ya hau jirgin sama ya raba duniya biyu, ya shiga jirgin ruwa yana ƙona man gas kwana goma, amma abin da ake bincika a jikinsa shi ne ƙwayar ciyawa a aljihu. An dai hana amfani da baƙin mai mai kauri a ruwan yankin tun 2011, sai dai har yau ba a ƙayyade yawan baƙin da za su je a shekara ba.

Da na gama warware wa mai shayin duk wannan, bai ce komai a kan sallah ba. Ya juye shayi daga wannan kofi zuwa wancan, ya ce, "To Malam, mu wa ke zama mana a wajen taron nasu?" Na ce ba kowa.