Harry Murray

Henry William Murray, wanda aka fi sani da Harry Murray, manomi ne kuma makiyayin tumaki ɗan ƙasar Ostireliya. An haife shi ranar 1 ga Disamba 1880, ya rasu ranar 7 ga Janairu 1966. Ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 yana ƙaramin soja marar igiya ko ɗaya, kafin yaƙin ya ƙare ya kai muƙamin laftana-kanar. Ana yawan ambatonsa a matsayin sojan ƙasa da ya fi kowa tara lambobin yabo na jarumta a duk daular Birtaniya a wancan yaƙin, ciki har da Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita. Sojojinsa sun yi masa laƙabi da mahaukaci saboda yadda yake kutsawa cikin wuta, amma wanda ya bi yaƙe-yaƙensa ɗaya bayan ɗaya zai tarar da mutum mai lissafi, mai duba ƙasa kafin ya taka ta, wanda kuma ya san lokacin janye mutanensa.

Tasowarsa

An haife shi kusa da garin Evandale a arewacin tsibirin Tasmaniya. Shi ne na takwas cikin 'ya'ya tara na Edward Kennedy Murray, wanda shi ma manomi ne. Yana da shekara 14 aka cire shi daga makaranta domin ya kama aikin gonar gidansu. Ya yi shekara shida a rundunar 'yan sa kai ta masu harba igwa a birnin Launceston, a nan ya fara sanin makami da horon soja. Daga baya ya ƙaura zuwa Yammacin Ostireliya, ya yi aikin kai wasiƙu da saƙonni ga wani kamfanin haƙar zinariya a dajin da ke bayan Kalgoorlie, sannan ya koma saran katako a kurmin Manjimup. Da ya zo shiga soja, a gurbin sana'a sai ya ce shi mutumin daji ne.

Ostireliya a lokacin ba ta kai mutum miliyan biyar ba, kuma duk sojojin da ta tura ƙetare 'yan sa kai ne. Sau biyu, a 1916 da 1917, aka yi ƙuri'ar raba gardama kan tilasta shiga soja, sau biyu jama'a suka ƙi. Sama da mutum 400,000 suka ba da sunansu, kimanin 60,000 suka mutu. Ƙaramin soja a ƙetare sule shida yake karɓa a rana.

Gallipoli da bindiga mai jigida

An sa Murray a Bataliya ta 16 ta Birged ta 4, ƙarƙashin John Monash, a sashen bindiga mai jigida. A sansanin horo na Blackboy Hill ya haɗu da Percy Black, wani mai neman zinariya. Black ne mai harbi, Murray ne na biyu, mai ciyar da jigida. Sun isa Masar a farkon 1915, suka sauka a gaɓar Gallipoli ta ƙasar Turkiyya ranar 25 ga Afrilu, aka kafa bindigarsu a kan tudun da ake kira Pope's Hill.

A farkon yaƙin bindiga mai jigida biyu kacal kowace bataliya take da ita, ƙirar Maxim, irin wadda Turawan mulkin mallaka suka zo da ita Sakkwato a 1903. Daga baya aka maye ta da ƙirar Vickers, wadda ta fi ta sauƙin ɗauka amma tsarinsu ɗaya. Tunda a kan wannan makamin Murray ya fara aiki kuma a kansa ya gama, ya kamata a san yadda yake.

Bakin bindigar Vickers yana cikin wani bututun ƙarfe mai ɗaukar ruwa kimanin lita huɗu, shi ke sanyaya ƙarfen. Jigidar ta zane ce mai kauri, tana ɗauke da harsashi 250, bindigar kuma tana fitar da 450 zuwa 500 a minti ɗaya, wato jigida guda takan ƙare cikin kimanin rabin minti idan ba a ɗaga hannu ba. Bayan harsashi 600 a jere ruwan zai tafasa. Tururin da ke tashi yana tona asirin inda bindigar take, shi ya sa ake haɗa tiyo daga bututun zuwa cikin galan, tururin ya koma ruwa a sake zubawa. Ana sauya bakin bayan harsashi kamar 10,000. Bindigar da ruwanta ta kai kilo 18, ƙafafunta uku sun haura kilo 20, don haka mutum shida ke hidimarta: mai harbi, mai ciyarwa, sauran kuma 'yan dakon akwatunan harsashi da ruwa. Mafi yawan cijewarta daga jigida take zuwa. Idan zanen ya jiƙe sai ya kumbura ya riƙe harsashi, idan ya sha ƙura ko laka sai ya ja ƙasa zuwa cikin inji, idan kuma mai ciyarwa ya karkata hannu sai harsashi ya shiga a gicciye. Aikin na biyu ke nan: jigida ta shiga a miƙe, a bushe, kuma sabuwa na kusa kafin tsohuwa ta ƙare. A Gallipoli, inda ruwan sha ma aunawa ake yi, ruwan bindiga wata matsala ce ta daban.

Black da Murray sun riƙe bindigarsu a makonnin farko duk da raunukan da suka ji, aka ba kowannensu lambar Distinguished Conduct Medal. Ranar 30 ga Mayu aka harbi Murray a gwiwa, aka kai shi Masar, ya dawo a farkon Yuli. Bayan farmakin watan Agusta da ya ci jami'ai da yawa, ranar 13 ga wata aka ba shi saje, a ranar kuma aka ɗaga shi zuwa ƙaramin laftana aka mai da shi Bataliya ta 13. Atini ya kwantar da shi a ƙarshen Satumba, ya dawo a Disamba daf da kwashe sojoji daga zirin Gallipoli. A Maris 1916 ya zama kyaftin.

Faransa

A ƙarshen Agusta 1916, cikin yaƙin Somme, Murray ya jagoranci kamfaninsa, ƙasa da mutum 100, zuwa Gonar Mouquet kusa da Pozières. Gonar ta zama kufai a sama, amma Jamusawa sun haƙe ƙarƙashinta da ɗakuna da hanyoyi, suna ɓullowa ta bayan duk wanda ya wuce. Kamfanin ya kama wani sashe, ya mai da farmakin ramuwa huɗu, sannan da gurneti ya ƙare kuma babu taimako dama da hagu, Murray ya janye mutanensa da masu rauninsu. Shi ma an ji masa rauni biyu. Wannan ya jawo masa lambar Distinguished Service Order.

Victoria Cross ta zo ne a ramin da ake kira Stormy Trench, kusa da ƙauyen Gueudecourt, a daren 4 zuwa 5 ga Fabrairu 1917. Sanyin shekarar ya yi tsanani ƙwarai, ƙasa ta daskare ta yi tauri. Kwana kaɗan kafin nan Bataliya ta 15 ta kama wannan ramin ta kasa riƙe shi. Kama ramin abokan gaba bai cika wuya ba idan igwa ta yi aikinta. Riƙe shi ne aikin, domin ramin yana ci gaba ta gefe biyu zuwa inda abokan gaba suke, kuma haƙarsa zigzag ce, harsashi ba ya zagaya kwana. Gurneti ne makamin wurin: a toshe ramin da buhunan ƙasa da waya mai ƙaya, a tsai da masu jifa a bayan toshiyar, duk ɓangaren da gurnetinsa ya riga ƙarewa shi ne ya faɗi. Bataliya ta 13 ta ɗauki darasi, ta tara dubban gurneti a gaba kafin a tashi. Murray, wanda mura mai tsanani ta kama kuma ya ƙi yarda a kwashe shi, ya riga ya rarrafa da dare ya duba wayar Jamusawa.

Kamfaninsa na mutum 140 ne aka ba gefen dama, wanda ya fi hatsari tunda a nan ramin ya zarce hannun Jamusawa. Sun shiga ramin, aka kafa toshiya, Jamusawa suka kawo farmakin ramuwa har sau uku. A wani lokaci masu jifan kamfanin sun kusa ƙarewa, aka fara ja da baya. Murray ya tara waɗanda suka rage, ya jagoranci hari da banati, ya yi jifa da kansa, ya kuma ɗauko masu rauni zuwa mafaka. Da wasu sojoji suka zo suka canje su a daren 5 ga wata, mutum 48 ne suka rage a tsaye, ramin kuma yana hannunsu.

Wata biyu bayan haka aka yi yaƙin Bullecourt, wanda har yau 'yan Ostireliya ke ambato idan ana maganar mugun tsari. Janar Hubert Gough na Birtaniya ya so a fasa layin Hindenburg, wato babban layin ramukan tsaron Jamusawa, ba tare da an fara ruwan igwa ba, wai tankokin yaƙi 12 za su tattake waya. Ranar 10 ga Afrilu tankokin ba su iso ba, sojoji suka kwana a dusar ƙanƙara suka koma, Jamusawa kuma suka farga. Washegari aka sake. Tankokin na lokacin tafiyar ƙafa ta fi su sauri, wasu suka lalace, wasu aka ragargaza su, sojojin ƙasa suka isa waya ba a yanke ta ba. A bakin wannan wayar aka kashe Percy Black, wanda a lokacin manjo ne. Duk da haka sojojin sun kutsa ta 'yan gurabun da suka samu, suka kama layi biyu na ramuka. Murray ya zama cikin manyan jami'an da suka rage a ciki. Ya aika saƙo, ya harba alamar neman taimakon igwa, aka hana, saboda masu hange daga baya sun kai rahoton kuskure cewa 'yan Ostireliya sun riga sun wuce zuwa ƙauyen Riencourt, ana tsoron a harbe su. Ba igwa, ba hanyar kawo harsashi, tunda bindigogin Jamus sun share filin da ke baya. Da gurneti ya ƙare Murray ya ba da umarnin kowa ya nemi hanyar komawa, yana cikin na ƙarshe da suka fito. Birged ta 4 ta yi asarar mutum 2,339 cikin kimanin 3,000. An ƙara masa Distinguished Service Order ta biyu, ya kuma zama manjo. Sarki George na Biyar ya maƙala masa lambobinsa a Hyde Park da ke Landan a watan Yuni 1917.

Shekarar 1918

A Maris 1918 aka ba shi laftana-kanar da jagorancin Bataliya ta 4 ta Bindiga Mai Jigida. Tsarin ya canza sosai daga zamanin bindiga biyu a kan tudu: yanzu kamfani huɗu ne, kowanne da Vickers 16, jimla 64 a hannun mutum ɗaya. An kuma koyi harba su kamar igwa, wato a ɗaga baki bisa lissafin taswira da kamfas, harsashi ya bi ta saman kan sojojinka ya sauka a mararraba ko ramin da ba ka gani. Kuskuren awo kaɗan, ko ƙafar bindiga ta nutse a laka, ko baki ya cinye, sai harsashin ya faɗo gajere a kan naka. Saboda haka ake kafa ƙafafun a kan katako da buhunan ƙasa, ana sake duba awon bayan kowace jigida.

Bataliyarsa ta yi aiki a Hamel ranar 4 ga Yuli, yaƙin da Monash ya tsara aka gama cikin minti 93, da kuma babban farmakin Amiens na 8 ga Agusta. A ƙarshen Satumba aka tura shi mai ba da shawara ga sojojin Amurka da ke shirin fasa layin Hindenburg a Bellicourt. Faransa ta ba shi Croix de Guerre, Birtaniya ta ƙara masa lambar girma ta CMG, an kuma ambaci sunansa sau huɗu a rahotannin manyan kwamandoji.

Komawa kiwo

Kafin ya bar Birtaniya a 1919 ya zaga yana duba hanyoyin nomansu da kiwonsu. An sallame shi daga soja a 1920, ya nufi jihar Queensland, ya fara kiwon tumaki a Muckadilla. Aurensa na farko bai daɗe ba, ya sake aure a 1927, suka haifi 'ya'ya biyu. A 1928 ya sayi gandun kiwo na Glenlyon kusa da garin Richmond, eka 74,000, kimanin hekta 30,000. Girman bai kamata ya ruɗi mai karatu ba: ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, tunkiya ɗaya na buƙatar fili mai faɗi, fari kuma yana iya share garke a shekara guda. A nan ya zauna sauran rayuwarsa. Ba ya son taron biki, bukukuwan tuna yaƙi ma ba safai yake zuwa ba, sai dai ya je Landan a 1956 bikin cika shekara 100 da kafa Victoria Cross. Ya rubuta 'yan maƙaloli a mujallar tsofaffin sojoji, inda ya fi yabon Black a kan kansa.

A 1939 ya sake sa kaki, aka ba shi Bataliya ta 26 ta sojojin tsaron gida a arewacin Queensland. A Agusta 1942 aka sauke shi saboda shekaru, ya koma jagorantar wata bataliya ta tsofaffin sojoji 'yan sa kai har zuwa Fabrairu 1944.

Ranar 6 ga Janairu 1966 tayar motar da yake ciki ta fashe, motar ta kife. Aka kai shi asibitin garin Miles, inda ciwon zuciya ya yi ajalinsa washegari yana da shekara 85. A 2006 aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a Evandale, Gwamna-Janar Michael Jeffery ne ya buɗe shi.