Kulawar gaggawa ga masu ciwon zuciya a asibitocin Gombe

Kulawar gaggawa ga masu ciwon zuciya ita ce aikin da asibiti ke yi wa mara lafiya tun daga shigowarsa ƙofa rai a hannun Allah har zuwa lokacin da zuciyarsa ta daidaita. Da mintuna ake auna ingancinta: minti nawa aka yi kafin a duba shi, kafin a gano ciwon, kafin magani ya shiga jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mace-macen a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki suka faru.

Ire-iren ciwon

A bakin jama'a duka "ciwon zuciya" ne, amma likitoci sun bambanta su. Bugun zuciya yana faruwa ne idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciya, sai tsokar ta fara mutuwa. Tsayawar zuciya kuwa ita ce mutum ya yanke jiki ya faɗi, babu numfashi, babu bugun jini. Na uku shi ne gazawar zuciya, inda zuciyar ta gaji ta kasa harba jini, ruwa ya taru a huhu, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai dai ya kwana a zaune yana haki.

A Turai da Amurka toshewar jijiyoyin zuciya ce ta fi yawa cikin cututtukan zuciya. A Najeriya kuwa gazawar zuciya ce kan gaba. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya bi marasa lafiya 1,006 a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya nuna cewa hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin ɗari na gazawar zuciya mai zuwa farat ɗaya, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 52 ne, wato magidanta da iyaye mata masu ɗawainiyar gida.

Akwai kuma gazawar zuciya ta masu jego, wadda arewacin Najeriya ke cikin yankunan da ta fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun bayyana ta tun shekarun 1970, suka alaƙanta ta da wankan jego da shan kunun kanwa. Binciken da aka yi a Kano daga baya, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye, ya fi karkata ga ƙarancin abinci mai gina jiki, talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam. Mai jegon da numfashi ke yi wa wuya kuma ƙafafunta suka kumbura sau da yawa a gida ake ajiye ta, a ce gajiyar haihuwa ce. Wannan jinkiri ya fi komai ban takaici, domin ciwo ne da ake iya shawo kansa idan an zo da wuri.

Mizanin inganci

Ƙa'idar da likitocin zuciya suka yarda da ita ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji gwajin isiji, wato zanen lantarkin zuciya, cikin minti 10 da isowarsa. Idan ya nuna toshewar jijiya, ana ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, sannan a nemi buɗe jijiyar. Hanya mafi kyau ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya a buɗe wurin cikin minti 90 da isowa, aikin da likita Andreas Grüntzig ya fara a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1977. Ɗakunan wannan aiki kaɗan ne a Najeriya, kuma yawancinsu suna Legas da Abuja. Inda ba za a iya kai mara lafiya irin wannan ɗaki cikin awa biyu ba, allurar narkar da gudan jini ake yi, cikin minti 30 da isowa. Tana da amfani ne cikin awa 12 na farko bayan fara ciwon, kuma amfanin nata raguwa yake yi kowace sa'a.

Wanda huhunsa ya cika da ruwa ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A zaunar da shi, a sa masa iskar oksijin, a yi masa allurar da ke sa fitsari don rage ruwan jiki, irin su Lasix, a sauko da hawan jinin a hankali. Abin da ke raba asibiti mai kyau da wanda bai kai ba a nan shi ne ko akwai tukunyar oksijin cike da ƙarfe biyun dare, ko maganin yana cikin ɗakin gaggawa ba sai ɗan'uwa ya ruga kemis ba, da kuma ko janareta zai tashi idan an ɗauke wuta.

Tsayawar zuciya ba ta jira ko kaɗan. Ana danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, har a kawo na'urar farfaɗo da zuciya da lantarki. Duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Saboda haka horar da nas-nas da masu tura gadon marasa lafiya yana da muhimmanci daidai da sayen na'urar kanta.

Yadda tsarin yake a Gombe

An ƙirƙiri Jihar Gombe daga Bauchi a 1996, tana da ƙananan hukumomi 11. Babbar cibiyar da ake tura masu ciwo mai tsanani ita ce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka, sai Asibitin Ƙwararru na jiha a cikin gari, sannan manyan asibitoci a garuruwa irin su Kaltungo, Kumo, Bajoga da Dukku. Mutumin ƙauye yakan bi matakai uku ko huɗu kafin ya ga likitan zuciya, kuma a mataki na farko ake asarar lokaci mafi yawa. Zafin ƙirji akan ce olsa ce, a sha maganin ciki a kwanta. Masu ciwon suga, tsofaffi da mata kuma ba lalle su ji zafin ba, sai dai gumi, tashin zuciya da kasala. Idan an yanke shawarar tafiya, galibi Keke Napep ne ko motar maƙwabci, ba motar asibiti mai oksijin ba.

Don haka ƙaramin asibitin da ke da na'urar isiji da ma'aikacin da ya iya karanta ta, ko ya ɗauki hotonta ya aika wa ƙwararre ta WhatsApp, ya riga ya yi rabin aikin. Haka ma kiran asibitin da za a tura mara lafiya kafin motar ta tashi, don a tanadi gado.

Doka da kuɗi

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar naira dubu 100 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin ɗari nasa don jinyar gaggawa. A jiha akwai hukumar GoHealth mai kula da tsarin taimakekeniyar lafiya. Sai dai yawancin iyalai har yanzu daga aljihu suke biya, kuma allurar narkar da gudan jini da gwajin jini na tiroponin, mai nuna lalacewar tsokar zuciya, sun fi ƙarfin manomi da ƙaramin ma'aikaci. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce a kowane layi.