Albarracín: Tambayoyi da Amsoshi Kan Garin da Kogi Ya Yi Wa Ƙawanya

A ina garin yake, kuma me ya sa sunansa ya yi kama da Larabci?

Albarracín ƙaramin gari ne a lardin Teruel na yankin Aragon, a gabashin Sifaniya, yana zaune a kan tsauni mai tsayin fiye da mita 1,100, kuma mazaunansa kimanin dubu ɗaya ne kawai. Sunan ya samo asali ne daga Banu Razin, wata zuriya ta Barbar, mutanen Arewacin Afirka, da ta kafa ƙaramar daula a nan a ƙarni na 11, bayan da halifancin Kurɗuba ya wargaje. Murabiɗun, wata daular Musulmi daga Maroko, sun karɓe garin a shekarar 1104, sannan wajen 1170 ya koma hannun gidan Azagra, waɗanda Kiristoci ne, suka riƙe shi da kansu har sai da Sarki Pedro na Uku na Aragon ya ci shi da yaƙi a 1284.

Wane kogi ne ya ratsa wurin, kuma mene ne muhimmancinsa?

Kogin Guadalaviar ne, wanda sunansa ya fito daga Larabcin "wadi al-abyad", wato farin kogi. A ganina duk wanda bai fahimci wannan kogi ba, bai fahimci garin ba, domin ruwan ya haƙa kwazazzabo mai zurfi ya zagaye dutsen da garin yake kai ta kusan ɓangarori uku, ya zame masa kariyar da babu maginin da zai iya yin irinta. Ɓangaren da ya rage a buɗe shi ne aka tsare da ganuwa, wadda ta hau gangaren tsauni har zuwa hasumiyar Andador da aka gina tun ƙarni na 10, zamanin mulkin Musulmi. Idan kogin ya isa birnin Teruel sai ya haɗu da kogin Alfambra, daga nan a kira shi Turia har ya faɗa teku a Balansiya.

Yaya tattakin bakin kogin yake?

Hanya ce ta ƙafa da ke bin lanƙwasar kogin a ƙarƙashin garin, ana iya kammala ta cikin awa ɗaya ko sama da haka kaɗan. A wasu wurare ana tafiya a kan katakon da aka kafa a jikin dutse, a wasu a tsallaka ta kan ƙananan gadoji, kuma mai tafiya zai wuce lambuna da tsofaffin wuraren da ake ɗebo ruwa domin ban ruwa. Shawarata ita ce baƙo ya fara da wannan tattakin kafin ya shiga cikin gari, domin daga ƙasa ne ake ganin yadda gidajen suka maƙale a bakin dutse, har mutum ya gane dalilin da ya sa suka matsu da juna haka. Akwai matakala da dama, saboda haka tsofaffi da masu ciwon gwiwa su tafi a hankali, kuma lokacin hunturu sanyin yankin yana da tsanani ƙwarai.

Me ya kamata a gani a cikin gari?

Akwai babbar majami'ar El Salvador ta ƙarni na 16, da kufan tsohuwar fadar da ke kan dutse, da wani gida mai suna Julianeta wanda ya karkace a mahaɗar lunguna biyu. Amma abin da ya fi ɗaukar ido shi ne launin gidajen, ja-ja mai sirkin ruwan hoda, wanda ke fitowa daga shafen da ake haɗawa da wani dutse mai laushi na yankin. Tun 1961 gwamnati ta sanya garin cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Akwai abin kallo a wajen gari?

Akwai. A dajin Pinares de Rodeno ana samun zane-zanen mutanen dā a jikin jajayen duwatsu, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1998, kuma a hanyar garin Cella ana iya shiga wasu sassan magudanar ruwan da Rumawa suka fafe a cikin dutse, mai tsawon kusan kilomita 25.