Yaƙin Sararin Samaniyar Birtaniya, 1940

Yaƙin Sararin Samaniyar Birtaniya shi ne gwabzawar da aka yi tsakanin rundunar sojin saman Jamus, Luftwaffe, ƙarƙashin Hermann Göring, da rundunar sojin saman Birtaniya, RAF, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Marubutan Birtaniya kan ƙidaya shi daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba 1940, na Jamus kuwa sukan ja shi har zuwa tsakiyar 1941. Nufin Jamus shi ne ta karya RAF kafin ta tsallako da sojojinta ta teku.

Tsarin tsaro

Abin da ya fi ceton Birtaniya shi ne tsarin isar da labari da Hugh Dowding, kwamandan jiragen faɗa na RAF, ya kafa. Tashoshin rada na Chain Home da ke jere a bakin teku ne ke fara hango jiragen Jamus tun suna haɗuwa a saman Faransa. Wannan rada teku kawai take kallo, kuma takan yi kuskure wajen auna nisan jirgi daga ƙasa, don haka da zarar jirgi ya shigo tudu sai 'yan sa-ido masu madubin hangen nesa su karɓa. Rahotannin rada na zuwa ta tarho hedikwata a Bentley Priory, kusa da Landan, a tace su, a miƙa wa shiyyoyi. A ɗakin umarni na Uxbridge, hedikwatar shiyyar da ke kare Landan, mata ma'aikata na tura 'yan katakai da dogayen sanduna a kan shimfiɗeɗen taswira, Keith Park, kwamandan shiyyar, na kallo daga sama yana yanke shawarar wace tawaga za ta tashi. Lokaci ne duk wahalar: a tashi da wuri mai ya ƙare, a makara abokan gaba su faɗo wa matuƙa daga sama.

Jirage

Jiragen faɗan Birtaniya, Hurricane da Spitfire, kowanne na ɗauke da bindigogi 8, kuma harsashinsu bai wuce na daƙiƙa 15 na harbi ba. Hurricane ya fi yawa, shi ya fi kakkaɓo jirage. Jirgin rakiyar Jamus, Bf 109, man da yake ɗauka bai ba shi fiye da kimanin minti 10 a saman Landan ba, sai ya juya ya bar masu jefa bam irin su He 111 ba kariya. Matuƙin Birtaniya da ya diro da lema kan koma bakin aiki, na Jamus kuwa sai fursuna.

Yadda ta kaya

Daga 13 ga Agusta Jamus ta matsa wa filayen jiragen RAF, har RAF ta fara ƙarancin matuƙa. Ranar 7 ga Satumba Jamus ta karkata kan Landan, filayen suka samu sarari. Bayan asarar da ta tafka ranar 15 ga Satumba, Hitler ya ɗage mamayar ranar 17. Ruwan bama-baman dare ya ci gaba har Mayun 1941, ya kashe fararen hula sama da 40,000.

Har yanzu masana na jayayya kan dabarar Leigh-Mallory, wani kwamandan shiyya na RAF, ta tara jirage da yawa kafin kai farmaki.