Binciken Maganin Sankara a Fannin Ilimin Sinadarai

Binciken maganin sankara fanni ne da wasu malaman ilimin sinadarai a jami'o'i ke ƙwarewa a kai. Aikinsu shi ne haɗa sababbin sinadarai, ko tatso su daga tsirrai, sannan a auna ƙarfinsu wajen kashe ƙwayoyin ciwon daji. Mai son wannan hanya, bayan digirin farko, yakan yi digirin digirgir na shekara 4 zuwa 6, ya ƙara wasu shekaru yana bincike a ƙarƙashin wani farfesa kafin ya samu ɗakin gwaje-gwaje nasa na kansa. Daga nan koyarwa da neman tallafin kuɗi su ke cinye masa lokaci, aikin hannu kuwa ya koma kan ɗalibansa.

Idan an haɗa sinadari, sai a tabbatar da ƙirarsa da na'urar NMR mai nuna yadda sinadari ya jeru, a duba tsabtarsa da HPLC, na'urar da ke rarrabe abubuwan da suka cakuɗa. Manyan mujallun fannin sukan nemi tsabtar da ba ta gaza kashi 95 cikin 100 ba, domin ɗan gurɓin da ya maƙale na iya zama shi ne ke kisan, ba sinadarin ba. Sai a zuba shi a faranti mai ramuka 96 da aka raini ƙwayoyin sankara a ciki, kowane layi da nasa awo, a jira awa 48 zuwa 72. Adadin da ya dakushe rabin ƙwayoyin shi ake kira IC50.

Tarihin cisplatin, wani maganin sankara mai ɗauke da ƙarfen filatinam, ya nuna yadda aikin ke tafiya. A 1965 Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka ya lura cewa ƙwayoyin bakteriya da ya jona wa lantarki ta sandunan filatinam sun daina rabuwa, sai tsawo kawai suke yi. Ashe ba lantarkin ba ne, wani sinadari ne da ke narkowa daga sandunan, wato cisplatin. Sai a 1978 aka amince a ba majiyyata shi. A cikin jini, yawan kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri, kan hana shi aiki. Da ya shiga ƙwayar halitta, inda kuloraid ya yi ƙaranci, sai ya manne wa DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ya lanƙwasa ta, ƙwayar ta kasa rabuwa. Ɗan'uwansa transplatin kayan haɗinsu ɗaya ne, jeri ne kawai ya bambanta, amma ba ya magani.

Nan ne sababbin ɗalibai ke yawan tuntuɓe. An saba narkar da sinadaran gwaji a wani ruwan sinadari mai suna DMSO, to amma DMSO na kama filatinam ya kashe kaifin cisplatin, sakamakon ya fito na ƙarya. Ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin 100 ake amfani da shi. Allura mai alminiyam ma tana lalata cisplatin. Illarsa ga ƙoda ita ta sa aka nemo carboplatin, wani maganin mai filatinam.

Sinadarin da ya haye gwajin faranti sai a gwada shi a kan ɓeraye, kafin gwaji hawa uku a jikin mutane, kuma mafi yawa a hanya suke zubewa. An sassaƙo ɓawon bishiyar da ta ba da maganin sankara na Taxol a 1962, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana ƙirarsa a 1971, amma sai a 1992 aka amince da shi a Amurka.