Nikon F

Nikon F kyamara ce mai amfani da fim na milimita 35, wadda kamfanin Nippon Kogaku na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 1959. Tana cikin jinsin kyamarorin da ake kira SLR, wato waɗanda ke da madubi a ciki, ta yadda mai ɗaukar hoto zai leƙa ya ga abin da gilashin gaba yake gani kai tsaye. An ci gaba da ƙera ta har zuwa 1973, kuma adadin da aka yi ya haura 860,000. Bakin da ake ɗaura mata gilashi, wanda aka sa wa suna F, ya yi fiye da shekara 60 ana amfani da shi.

Asali

An kafa Nippon Kogaku a birnin Tokyo a 1917, kuma da farko aikinsa ƙera gilasai ne da na'urorin hangen nesa, yawanci domin sojoji. Sunan Nikkor, wanda yake kan gilasan kamfanin har yau, ya fito ne a farkon shekarun 1930. Kafin ma kamfanin ya yi tasa kyamarar, gilashin Nikkor ne aka ɗaura wa kyamarar Canon ta farko.

Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin ya juya ga kayan farar hula. Nikon I ta fito a 1948, sai samfurin M da S da S2 suka biyo baya, har zuwa SP a 1957. Duk waɗannan ba su da madubi a ciki. Ta wata 'yar taga ta daban ake leƙawa a daidaita nisa, irin tsarin Leica da Contax na Jamus.

Abin da ya fito da sunan kamfanin a waje ya faru ne a 1950. David Douglas Duncan, mai ɗaukar hoto na mujallar Life, yana Tokyo sai wani abokin sana'arsa ɗan Japan, Jun Miki, ya nuna masa hoton da aka ɗauka da gilashin Nikkor. Duncan ya sayi gilasan, ya ɗaura su a kan Leica ɗinsa, ya tafi da su fagen yaƙin Koriya. A watan Disamba na wannan shekara jaridar New York Times ta yi rubutu kan ingancinsu. Kafin lokacin, a Amurka ana ɗaukar kayan Japan a matsayin kwaikwayon na Jamus mai araha.

Ƙira

Kusan duk abin da ke jikin Nikon F akwai wanda ya riga ta yin sa. Kine Exakta ta Jamus ta fito tun 1936. Contax S ta 1949 tana da firizam mai miƙar da hoto a idon mai leƙe, Asahiflex ta 1954 kuma tana da madubi mai komawa wurinsa da kansa bayan an ɗauki hoto. Abin da Nippon Kogaku ya yi shi ne haɗa waɗannan duka a jiki guda mai ƙwari, sannan ya kewaye shi da kayan da ake cirewa a sauya. Wannan ne ya raba ta da sauran, kuma shi ne ya sa 'yan jarida suka rungume ta.

An gina jikin ne a kan na SP. Labulen da ke buɗewa haske ya shiga na siririn ƙarfen titaniyam ne, in ban da 'yan ƙalilan na farko da aka yi da ƙyalle, kuma saurinsa ya kama daga daƙiƙa 1 zuwa kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa. Tagar leƙe tana nuna dukkan abin da zai hau kan fim, ba ragi. Ana iya zare kan kyamarar gaba ɗaya a sa wani, a sauya allon saiti, a kulle madubi a sama, ko a ɗaura injin jan fim mai suna F-36. Akwai ma murfin baya mai ɗaukar fim na hoto 250. Ba ta buƙatar batir kafin ta yi aiki. Yusaku Kamekura, wanda daga baya ya zana tambarin gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, yana da hannu a fasalinta na waje.

Tana da nata cikas. Wajen sa fim sai an zare bayan da gindin baki ɗaya, mutum ya nemi inda zai ajiye, kuma maɓallin ɗauka yana can baya-baya inda yatsa bai saba ba. An gyara duka biyun a magajiyarta, F2 ta 1971.

Ma'aunin haske na cikin kan kyamarar ya zo ne da wani kai da ake kira Photomic a 1962. Samfurin T na 1965 ya fara auna hasken da ya ratso ta cikin gilashi, sai TN a 1967 da FTN a 1968.

Game da harafin F, wasu sun ce daga kalmar da ke nufin kyamara mai madubi aka ɗauko shi, wasu sun danganta shi da injiniya Masahiko Fuketa. Ba a daidaita ba.

Gilasai

Bakin F yana da faɗin milimita 44, kuma tazararsa da fim milimita 46.5 ce. Gilasan farko da santimita aka rubuta tsawonsu, kamar 5cm da 10.5cm. Harafin da ke bin sunan Nikkor yana faɗin yawan ƙwayoyin gilashin da ke ciki: Q huɗu, P biyar, H shida, S bakwai. Na milimita 105 mai buɗewar f/2.5, wanda aka gado daga kyamarorin da suka gabata, ya yi suna wajen ɗaukar fuska, kuma sunan ya cancance shi.

Tsofaffin gilasan suna da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu a sama, wanda masu harkar ke kira kunnen zomo, shi ne ke sanar da ma'aunin haske girman ƙofar da aka buɗe. A 1977 aka kawo wani sabon tsarin sanar da ma'aunin, mai suna AI, da ya maye gurbinsa, a shekarun 1980 kuma gilasai masu saita kansu suka shigo, duk ba tare da an sauya bakin ba. Sai dai gilashin da aka yi kafin 1977 yana iya lalata wasu sababbin kyamarori idan aka tilasta shi.

A fagen aiki

Ita ce kyamarar da aka fi gani a wuyan masu ɗaukar hoton yaƙin Biyetnam. Ta Don McCullin, ɗan Birtaniya, ta tare harsashi a Kambodiya, a wajajen 1970. Hukumar NASA ta tura wata da aka yi wa gyara a tafiyar Apollo 15 a 1971.

Bayanta

F3 ta zo a 1980, F4 a 1988, F5 a 1996, sai F6 a 2004, wadda aka daina ƙerawa a 2020. A yau ana samun Nikon F a kasuwar kayan hannu. Ma'aunin haskenta da batirin zaiba yake aiki, wanda aka daina sayarwa, shi ya sa masu tara kyamarori da yawa suka fi neman mai kai marar ma'auni.